Duba-Garin da Ya Duba Gidan Uwarsa

Idan ka shiga Gwaram ka tambayi gidan Malam Nu'uman, za a ce maka wanne. Amma ka ce duba-gari, ko mai shayin bakin tasha zai nuna maka, da baki kuwa, don ba zai ɓata hannunsa a kan mutumin da ya taɓa kifar masa da ruwan wankin kofi ba. Shekara goma sha ɗaya Malam Nu'uman ya yi yana leƙa randunan mutane, yana buɗe masai, yana tsayawa a bakin kwata hannu a ƙugu kamar an yi masa rasuwa a ciki. Siriri ne, mai farar riga da biro uku a aljihu, kuma bai taɓa shiga gida ya fito bai ga laifi ba. Mata na jin ƙarar babur ɗinsa sai ka ji tsintsiya ta tashi a gida huɗu lokaci ɗaya.

Asalinsa ɗan Kwandiko ne, ɗan fari a wajen Inna Indo mai ƙuli-ƙuli. Ya yi makarantar koyon aikin lafiya, ya dawo da takardar shaida da kuma ƙyanƙyami, kuma ƙyanƙyamin ya fi takardar yi masa aiki. Ya auri Ikilima, malamar firamare 'yar Birnin Kudu, mace mai haƙuri kuma mai baki, haƙurin na waje ne, bakin na cikin gida. Shekara shida suna zuba ido kafin Allah ya kawo rabo. Da cikin ya tsufa ta tafi gidan iyayenta kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ta haifi mace. Ranar suna aka raɗa wa jaririya A'ishatu, sunan yankan Inna Indo, ana kiranta Hadiyya don kada a riƙa kama sunan tsohuwa a tsakar gida.

Wata uku Ikilima ta yi a Birnin Kudu tana wanka, kuma wata ukun nan Malam Nu'uman ya ƙarar da su yana yaƙi da gidansa. Jaririyar da ko wuyanta bai tsaya ba, ita aka liƙe wa duk wani soket da salatif. Ya sa mai walda ya yi wa rijiya murfin ƙarfe da kwaɗo. Ya yanka tsohuwar katifa ya naɗe kusurwar tebur, ya naɗe ƙafar gado, har da gefen akwatin rediyo. Kalanzir da ke cikin kwalbar lemo ya juye shi a galan ya rataye can kusa da rufi, inda shi kansa sai ya taka turmi yake isa. Babur ya daina kwana a tsakar gida, wai kada wata rana ta dafa salansa da zafi. Daga ƙarshe ya kira Ɗanladi kafinta ya yi wa kicin 'yar ƙofa iya gwiwa. Ɗanladi ya tambayi shekarun yarinyar, aka ce masa kwana ashirin da shida. Ya ci gaba da buga ƙusa, don shi aikinsa katako ne, ba gyaran kan mutane ba.

Wanda ya fara jin ciwo a wannan gida mai tsaro shi ne maigidan da kansa. Da asuba ya fito da butar shayi, ya manta da ƙofar Ɗanladi, ya tafi gaba ɗaya. Sati biyu yana ɗingishi, yana gaya wa mutane wai tsohon targaɗe ne ya tashi.

Sai maganar nafkin. Mutumin da ya shekara goma yana zaƙulo famfas daga kwatocin Gwaram da sanda ya rantse ba za a shigo masa da shi gida ba. Ranar da ya je ɗauko mai jego ya biya kasuwar Birnin Kudu ya sayi fararen nafkin dozin biyu, da wandunan roba, da manyan fil masu makulli a kai, da bokiti mai murfi. Ya baje su a gaban surukarsa Hajiya Hafsatu yana bayani, ita kuma tana kallonsa irin kallon da ake wa wanda ya zo sayar da aci-bal-bal a gidan da ke da lantarki. Sai da suka iso Gwaram Ikilima ta ajiye goyo, sannan ta dube shi.

"Malam, na ga nafkin, sun yi kyau. Ni wata mai zuwa zan koma aji. Wanda ya sayo su shi ya san yadda ake wanke su."

Ya buɗe baki zai kawo hujja, ta miƙa masa bokitin.

Haka aka yi babban duba-gari ya zama mai wankin kashi. Kullum bayan sallar asuba sai ya danna wa ƙofar zaure sakata, ya tattare wando, ya ɗauraye nafkin ɗin, ya jiƙa, ya dafa su a tukunyar da ya keɓe, ya cuɗa da sabulu har sai yatsunsa sun yi yaushi. Ya shanya su a rana layi ɗaya, tazararsu daidai, da yamma kuma ya bi su da dutsen guga. Nafkin ɗin gidan Malam Nu'uman sun fi rigar wasu ta Sallah haske. Matan maƙwabta da ke hango igiyar ta kan katanga suka yi ta yaba Ikilima, ita kuma ta yi ta karɓar yabon da hannu biyu, ko kunya.

Dole ya sa sakata. A wajenmu ɗan fari ba a nuna ana son sa. Ba ka ɗaukar sa a gaban mutane, ba ka kama sunansa, idan ya faɗi a gabanka sai ka kalli wani wajen har wani ya ɗaga shi. Inna Indo kanta ba ta taɓa cewa Nu'uman ba, sai dai "kai wannan", ko in tana jin tsiya ta ce "Malam duba-gari". Shi ma a waje haka yake. In aka ce ya mai jego, ya Hadiyya, sai ya ce yarinyar gidan tana nan, kamar wata 'yar haya. Amma da ya rufe ƙofa, Allah ya kiyaye ka ga abin da yake yi. Ya zama doki, ya zama akuya, ya yi rarrafe a tabarma da biro uku a aljihu tana jan gemunsa. Son yarinyar nan ya kama shi kamun da bai taɓa zato ba, har tsoro yake ba shi.

Hadiyya na da wata goma sha ɗaya Inna Indo ta zo daga Kwandiko da ƙullin ƙuli da kwalbar man gyaɗa. Ta tsallake ƙofar kicin, ta shafa katifar da ke kusurwar tebur, ta ce ashe tebur ma yana jin sanyi a birni. Ta ɗauki takwararta ta ɗora a cinya, ta yi mata wasa har ta gaji, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da ta kalli kowa ba.

"In ta cika wata goma sha tara a kawo mini ita yaye. Ta zauna a wajena ke nan, ta ɗebe mini kewa. Ku Allah ya kawo wasu."

Ba wani abin mamaki ta faɗa ba. 'Yar fari ce, takwararta ce, ita kuma tsohuwa tana zaune ita kaɗai tun rasuwar maigidanta, 'yan matanta duk sun yi aure, autanta Safiyanu yana Kano yana tuƙi. Duk wanda ka gaya wa zai ce ai dama haka ake yi. Malam Nu'uman, mutumin da ke iya tsayar da mahauci a tsakiyar kasuwa ya wanke shi tas, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Da suka raka ta tasha suka dawo, Ikilima ta zauna a bakin gado idonta jawur.

"Shekara shida, Malam. Ka ce to."

"To me zan ce?"

"Ka ce kana son 'yarka. Ni suruka ce, ba ni da baki. Kai uwarka ce."

"Haba Ikilima. Da wane idon zan kalli Inna in ce ina son 'yar fari? Ki bar ni da ita, akwai dabara."

Dabarar kuwa ita ce abu ɗaya tak da ya iya a duniya. Ranar Asabar ya hau babur ya nufi Kwandiko, ya gaida Inna, ya sha fura, sannan ya miƙe ya zagaya gidan da aka haife shi hannu a baya. Ya tsaya a bakin rijiya ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce gaskiya shi ba don komai ba, amma a ƙa'idar aiki yaro mai tafiya ba ya zama a gidan da rijiya ke buɗe, ga bakinta daidai da ƙasa. Rijiyar nan, in ka ji, ita ta shayar da shi da ƙannensa biyar, ba wanda ya faɗa ko da takalminsa. Inna ta ce, "To, Malam duba-gari, mun ji." Ya koma Gwaram yana fito a kan babur, ya gaya wa Ikilima magana ta mutu.

Bayan wata ɗaya ya koma don ya tabbatar da mutuwar. Ya tarar an ɗaga bakin rijiya da bulo har ƙugu, an shafe da siminti, ga murfin ƙarfe da kwaɗo wanda ya fi nasa girma. Inna ta ciro makullin daga bakin zaninta ta nuna masa. Ya ce ma sha Allah da muryar mai ciwon haƙori.

Sai ya waiga ya ga awaki. Uku ne, da 'yan biyu da aka haifa da damina. Ya yi bayani mai tsawo a kan kashin dabbobi da ƙuda da gudawar yara, ya ƙara da cewa baƙar akuyar nan idonta bai kwanta masa ba, mai tunkuyi ce. Ya leƙa ɗakin ajiya ya gano galan ɗin maganin feshi kusa da buhun gero, ya yi salati kamar ya ga gawa. Wannan karon bai yi fito a hanya ba, amma ya saka rai, don ya san Inna da awakinta. Da ya dawo, an kai awakin Fagam wajen ƙanwarta, turken ma an tuge an share wajen an zuba yashi. Galan kuwa yana rataye can sama, da tsumma a ɗaure a bakinsa.

Mai hankali a nan zai tsaya. Malam Nu'uman ilimi gare shi, kuma ilimi daban hankali daban. Hadiyya ta shiga wata na goma sha shida, ta fara gudu, ta fara ce masa "Baba" a gaban baƙi yana yi kamar da wani take. Kwana na ƙarewa, sai ya ɗauko babbar hujjarsa. Ya tsaya a gaban murhun da Inna ke tuyar ƙuli, inda kasko ke tafasa da mai tun hantsi, mata da yara na shigowa da kwalabe suna fita. Ya ce duk sauran wasa ne, wannan shi ne hatsarin. Tafasasshen mai a ƙasa, yarinya mai ƙiriniya, ƙiftawar ido ɗaya ta isa. A nan kam bai yi ƙarya ba, kuma ya san shekara talatin da wani abu Inna tana kan kaskon nan, da shi ta sai masa littattafan makaranta. Ya tabbata ba za ta bar shi ba. Inna ta juya ƙulin da ke cikin mai, ta tsame, ta ce, "Wannan ma mun ji."

Da ya koma bayan sati uku, tun daga zaure ya ji gidan ba daidai ba. Babu ƙamshin gyaɗa. Babu hayaniyar masu sayen mai, babu matan da ke zama a gindin bango suna taya ta murza tunkuza suna gulmar gari. Murhun an rushe shi, an daɓe wajen. Kaskon ta ba wa wata maƙwabciya, kuma masu saye sun bi kasko, masu hira ma sun bi shi. Inna na zaune a tabarma ita kaɗai tana ɗinka 'yar ƙaramar katifa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya ji ya tsani kansa. Amma maimakon ya yi shiru, bakin nan nasa na aiki ya buɗe da kansa, ya ce saura maganar nafkin, don yarinyar har yanzu da shi take barci, kuma wankinsa sai an dafa, sai an goge, aiki ne da ya fi ƙarfin tsoho.

Inna ta cire zaren daga bakinta ta dube shi.

"Kai wannan, da tsumman zanina na raine ka, ga ka nan har kana sa farar riga. Kwana uku zan yi da ita ta koyi zama a fo. Amma in dafawar ce, a kawo, ina da tukunya. Ai yanzu ba abin da nake yi."

Ranar da wata goma sha tara ya cika ta faɗo Juma'a. An karɓo rubutun yaye a wajen malamin unguwa, an ba yarinya ta sha. Ikilima ta haɗa kaya a jaka, nafkin dozin biyu a goge a ninke, ta ɗora bokitin a kai, ta koma ɗaki ta juya wa ƙofa baya.

"Ba zan je ba. Kai da ka ce to, kai za ka kai ta."

Ba zai ɗora yarinya a babur ba, wannan ko an kashe shi. Don haka mutanen tashar Gwaram suka ga abin da ba su taɓa gani ba, duba-gari da 'yar fari a kafaɗa, jaka a hannu, bokiti a rataye a gwiwar hannu. Mai shayi har da miƙewa tsaye don ya gani da kyau. Malam Nu'uman bai ma san suna yi ba. Tun daga Gwaram har Kwandiko hancinsa na cikin gashin yarinyar, ita kuma tana ta ƙoƙarin zare masa biro.

Inna ta yi shara, ta yi turare, ta dama kunu. Ya sauke Hadiyya, ya gaida Inna, sannan ya zagaya gidan. Ya ja kwaɗon rijiya, yana nan daram. Ya leƙa ɗakin ajiya, ya leƙa bayan gida, ya ɗaga tabarma, ya duba ƙarƙashin gado da fitilar waya. Ya shafa bango ko zai ji ƙusa. Shekara goma sha ɗaya yana aikin nan, yau ga gida na farko da ya shiga bai samu laifi ba, kuma shi ya gyara shi da bakinsa. Sai ya durƙusa ya buɗe jaka, ya shiga koya wa matar da ta raini yara shida yadda ake ninka nafkin, inda ake soka fil, yadda ake sa yatsa a ƙasa don kada ya taɓa fata. Ya yi sau ɗaya, ya warware ya sake. Inna ta bar shi ya yi har sau uku.

Hadiyya kuwa, 'yar butulci, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta samu ludayi da ƙwarya tana ta bugu. Ya yi sallama ya fita. Ya kai zaure, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ya tsaya a nan da ɗayan a hannu tsawon lokacin da za a iya yin alwala. Daga nan ya ajiye takalmin ya koma ciki, ya durƙusa a gaban uwarsa kansa a ƙasa.

"Inna, ba rijiya ba ce. Ba awaki ba ne, ba kaskon ba ne. Ni ne ba zan iya ba. Ina son 'yata, Inna. Ki yafe mini."

Maganar ta fito ta zauna a tsakar gida, ba wanda ya taɓa jin irinta a gidan nan. Inna ta daɗe tana kallon yarinyar da ke buga ƙwarya.

"Tun ranar rijiya na sani," ta ce. "Ni na haife ka. Na ɗauka in na gyara duk abin da ka faɗa za ka rasa ta cewa, kunya ta sa ka bar mini ita. Ashe karatun ya cinye kunyar."

"Me ya sa ba ki ce komai ba, Inna? Da ba ki rushe murhun ba."

"Kai me ya sa ba ka ce ba? Ni ma son ta nake."

Ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce zai gina mata sabon murhu, zai sayo kasko, zai je Fagam da kansa ya koro awakin. Ya ce to ko a bar ta sati ɗaya, ta manta nono, sai ya zo ya ɗauke ta, ai haka ma wasu ke yi. Inna ta miƙe, ta mayar da nafkin ɗin cikin jaka ɗaya bayan ɗaya yadda ya ninke su, ta zuge, ta ɗora bokitin. Ta ɗauki Hadiyya, ta share mata baki da gefen mayafi, ta riƙe ta a ƙirji ɗan lokaci kaɗan, sannan ta miƙa masa.

"Ɗauke ta yau. In ta kwana ɗaya a ɗakina ba zan iya ba ka ita ba."

Ya karɓa. Ya ce za su riƙa kawo ta duk Asabar, ta ce Allah ya kai mu. Yarinyar ta ƙi sakin ludayin, Inna ta ce a bar mata. Da ya kai bakin zaure ya waiwaya, ya ga ta koma kan tabarmarta a tsakiyar share-sharen gidan, kusa da kwanon kunun da ba a sha ba. Ba ta raka su ƙofa ba.